Yadda Ake Auna Fim da Littafinsa a Labaran Binciken Kisa

Duk inda masu karatu suka haɗu da masu kallo, ba a rasa wanda zai ce fim ya ɓata littafi. Ka tambaye shi me aka ɓata, sai ya ce an canza wa wane suna, ko jarumin bai yi kama da wanda ya zana a ransa ba. A labarin soyayya irin wannan gardama tana iya kaiwa asuba ba a rabu ba, domin kowa da abin da zuciyarsa ta gaya masa. Labarin binciken kisa kuwa yana da ma'auni. Marubuci ya yi ƙulli, ya baza alamu a gaban mai karatu, ya ɓoye wasu a fili, sannan a babin ƙarshe ya kwance. Saboda haka ana iya zama da biro da takarda a duba ko fim ya bar ƙullin yadda yake, ko ya tsinka shi ya ɗaura wani.

Zan yi aikin da littafin Agatha Christie mai suna Murder on the Orient Express, wanda ya fito a 1934, da fina-finai uku da aka yi daga gare shi: na darakta Sidney Lumet a 1974 wanda Albert Finney ya fito a matsayin mai binciken, Hercule Poirot, da na talabijin ɗin ITV ta Ingila a 2010 wanda David Suchet ya ja, da na Kenneth Branagh a 2017. Wanda bai karanta littafin ba ya sani cewa zan faɗi yadda ya ƙare, haka ma wasu littattafai uku da za su shigo a gaba. Ba a yin wannan awo ba tare da an buɗe tukunyar ba.

Mataki na farko: littafi kafin fim

Karanta littafin tukuna, kuma ka gama shi. Idan ka fara da fim, fuskar ɗan wasa da muryarsa za su zauna maka a kai, duk shafin da ka buɗe su za ka riƙa gani, har ka rantse cewa wani abu yana cikin littafin alhali darakta ne ya ƙaro shi. Littafi ɗaya ya isa, da fim biyu ko uku. Fim ɗaya ba ya nuna maka abin da yake tilas da abin da yake zaɓi. Sai ka ga daraktoci uku sun iso mahaɗa ɗaya kowa ya bi tasa hanya, sannan za ka gane cewa akwai wata hanyar.

Mataki na biyu: fitar da ƙashin labarin a takarda

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin masu gardama suke tsallakewa. Kafin ka kunna kowane fim, rubuta abubuwa huɗu: wa aka kashe da yadda aka kashe shi, jerin lokutan da abubuwa suka faru, alamun da mai bincike ya dogara da su, da alamun da aka ajiye don a ɓatar da shi. A gefen kowanne ka sa babin da aka fara ambatarsa.

Ga yadda takardar za ta kasance a littafinmu. Jirgin ƙasa ya taso daga Santambul, dusar ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya tsakanin Vinkovci da Brod. Da safe aka tarar da wani Ba'amurke mai suna Ratchett a mace cikin ɗakinsa na tarago, an soke shi sau goma sha biyu. Likitan da ya duba gawar, Dakta Constantine ɗan ƙasar Girka, ya ce raunukan ba su yi kama da juna ba: wasu da ƙarfi aka yi su, wasu ƙwarzane ne kawai, wasu na hannun dama, akwai kuma wanda sai bahago zai iya yi. Tagar ɗakin a buɗe take, amma babu sawun kowa a kan ƙanƙarar da ke waje. Agogon mamacin ya tsaya a ƙarfe ɗaya da kwata. Poirot da kansa, da yake ɗakinsa na maƙwabtaka da na mamacin, ya ji ƙara da ƙarfe ɗaya saura minti ashirin da uku, ya kuma ji an amsa wa ma'aikacin tarago da Faransanci cewa babu komai. Ratchett kuwa ba ya jin Faransanci.

Sai ƙananan kaya: hankicin mace mai harafin H, tsinken share lofe, maɓallin rigar ma'aikacin tarago, jar rigar barci ta mata da aka ga wata ta gifta da ita, ɗigon maiƙo a kan fasfon wata matar basarake ɗan ƙasar Hungari, da guntun takarda da aka ƙona. Wannan guntu shi ne mabuɗin komai. Poirot ya nemo ragar waya daga akwatin hular wata fasinja, ya sa takardar a tsakani, ya kara ta a kan wuta har rubutun ya bayyana na ɗan lokaci, ya ga sunan Daisy Armstrong, yarinyar da aka sace aka kashe a Amurka. Daga nan ya gane Ratchett shi ne Cassetti, wanda ya aikata laifin ya kuma kuɓuce wa kotu. A ƙarshe ta tabbata cewa mutum goma sha biyu da ke da alaƙa da gidan Armstrong ne suka haɗu, kowa ya soka sau ɗaya, adadin masu taya alƙali yanke hukunci a kotunan Ingila da Amurka.

Ka lura da abin da ke riƙe da abin. Dusar ƙanƙara ce ta ɓata musu shiri, domin da jirgin ya ci gaba da tafiya, da an ce wani baƙo ne ya shigo ya yi kisa ya sauka a tashar gaba. Bambancin raunuka shi ke nuna hannaye da yawa. Harafin H kuma a rubutun Rasha N ne, mai hankicin ita ce Gimbiya Natalia Dragomiroff. Duk alamar da za ka cire bayanin ƙarshe ya rushe, ja mata layi a ƙasa. Su ne za ka nema a fim.

Mataki na uku: kallo biyu

Kalli fim ɗin sau ɗaya ba biro ba takarda, ka bar shi ya yi maka abin da aka yi shi dominsa. A kallo na biyu ka ajiye takardarka a gefe, kana tsayar da shi duk inda ya rabu da littafi, kana rubuta mintin. Idan akwai rubutun magana a ƙasan allo, kunna shi, domin alama a irin wannan labari sau da yawa kalma ɗaya ce da wani ya saki a wuce. Idan kuma wanda ka samu an ɗora masa wata murya ko an datse shi don ya yi gajere, to ba aikin daraktan kake aunawa ba, nemi cikakke.

Mataki na huɗu: ba duk canji ne laifi ba

Jerin da za ka tara zai yi tsawo, kuma yawancinsa ba shi da nauyi. Raba shi gida uku.

Akwai canjin dole. Kashi na biyu na littafin kusan gaba ɗaya tambayoyi ne, ana kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya zuwa taragon cin abinci, kowa da babinsa. A takarda wannan yana da daɗi, domin kana iya komawa baya ka gwada maganar wannan da ta wancan. A allo, idan aka bi shi kalma da kalma, mai kallo zai yi barci kafin a kai kan na biyar. Dole a rage. Ba a kama darakta da laifin ragewa, abin dubawa shi ne me ya zaɓa ya rage.

Akwai canjin ado, wanda ya fi ɗaukar ido ya kuma fi kowanne rashin muhimmanci. Fim ɗin 1974 ya mayar da Bouc, babban jami'in kamfanin taragun kwana kuma abokin Poirot, ya zama Bianchi ɗan Italiya, ya kuma kira baran mamacin Beddoes maimakon Masterman. Fim ɗin 2017 ya cire Greta Ohlsson 'yar Suwidin ya sa Pilar Estravados a gurbinta, sunan da aka aro daga wani littafin Christie ɗin. Ya kuma sa ƙanƙara ta gangaro daga dutse ta kawar da jirgin daga kan layi a bisa gada. Abin ya cika ido, amma tambayi takardarka: jirgi ya tsaya? Ya tsaya. An rasa hanyar da mai kisa zai gudu? An rasa. To ƙulli bai motsa ba. Haka maganar da Poirot ya tsinkaya tsakanin fasinjoji biyu, Mary Debenham da Kanar Arbuthnot, tun kafin su hau jirgin, inda take ce masa ba yanzu ba, sai komai ya wuce. A littafi a wata tasha aka yi ta kan hanyar da ta taso daga Halab. Lumet ya mayar da ita cikin jirgin ruwan fito. Wuri ya canza, alamar tana nan, tana kuma yin aikinta na nuna cewa mutanen biyu sun san juna fiye da yadda suke nunawa.

Sai na uku, canjin da ya taɓa ƙulli. Wannan sau da yawa ba ya ko ɗaukar ido. Dubi abin da aka yi wa likita. A littafi Dakta Constantine a wani tarago dabam yake kwana, ba shi da alaƙa da kowa, shi ya sa duk abin da ya faɗa game da raunuka da lokacin mutuwa ƙasa ce mai ƙarfi da Poirot da mai karatu za su taka. Fim ɗin 2010 ya cire wani fasinja mai suna Hardman ya sa likitan cikin masu kisan. Na 2017 ya haɗe likitan da Kanar Arbuthnot suka zama mutum ɗaya, wanda shi ma da hannunsa a ciki. An rage ɗan wasa guda, an samu sauƙi, amma yanzu wanda ya duba gawar yana da dalilin yin ƙarya. Abin ya zama kamar a ce mai awon hatsi shi ne kuma mai hatsin. Wannan canji guda ya fi duk sauya sunaye nauyi, kuma da wuya ka ji masu gardama sun ambace shi.

Mataki na biyar: an yi wa mai kallo adalci?

Tsayar da fim ɗin daidai lokacin da mai bincike ya tara jama'a zai fara bayani. Ɗauki alamun da ka ja wa layi, ka tambayi kanka game da kowacce: an nuna ta kafin yanzu? Idan an nuna, an ba ta daƙiƙun da ido zai kama ta, ko an gifta da kamara ne kawai don a ce an nuna? Idan bayanin ƙarshe ya dogara da abin da ba a taɓa nuna maka ba, fim ɗin ya karya alƙawarin da irin wannan labari yake yi, ko da kowane suna da kowace riga sun dace da littafi.

Ka duba kuma lokacin da aka ba ka labari. Christie ta riƙe zancen gidan Armstrong har sai da takardar nan ta bayyana. Lumet kuwa da shi ya buɗe fim, da hotunan daren da aka sace yarinyar da kanun jaridu. An rasa mamakin gano wane ne Ratchett, amma an samu wani abu: lokacin da fasinjoji suka fara zamewa suna ambaton abubuwan da suka shafi gidan, mai kallo yana da abin da zai haɗa su da shi. Ni ina ganin cinikin ya yi riba, domin wanda ke kallo ba shi da damar komawa shafi na baya. Wani zai ce a'a, kuma yana da hujja. Muhimmin abu shi ne ku san a kan me kuka saɓa.

Mataki na shida: mai binciken da kansa

Kada ka tsaya kan gashin baki, ko da yake an sha faɗin cewa Christie, wadda ta ga fim ɗin 1974 kafin rasuwarta a 1976, abin da ta kushe ke nan. Duba yadda mutumin yake gano gaskiya. Poirot na littafi ɗan Beljiyam ne mai son tsari, wanda ke zama ya saurari mutane har ƙaryarsu ta ci karo da juna. Kashi na uku na littafin ma sunansa ya nuna cewa ya kishingiɗa ne ya yi tunani. Na Branagh yana bin mutum da gudu a kan katakan gada, ana harbinsa da bindiga, yana kuma ɗauke da hoton wata tsohuwar masoyiya da littafin bai san da ita ba. Tambayar a nan ita ce ko gudun da harbin su suka kawo amsa, ko kuwa an sa su ne tsakanin tunani da tunani don kada mai kallo ya gaji. Idan su suka kawo amsa, an canza irin labarin. Idan cike gurbi ne, ka sa su a gidan ado ka wuce.

Mataki na bakwai: hukuncin da aka yanke

A nan fina-finan uku suka fi rabuwa, alhali a dukkansu taron masu alaƙa da gidan Armstrong ne suka yi kisan. A littafi Poirot ya shimfiɗa bayani biyu: na baƙon da ya shigo ya tsere, da na gaskiya. Ya bar wa Bouc da likita zaɓi, suka zaɓi na farko don a miƙa wa 'yan sandan Yugoslabiya, shi kuma ya ce ya janye daga shari'ar. Babu kuka, babu dogon wa'azi, cikin 'yan layuka aka rufe. Lumet ya bi wannan, har ya ƙara da masu kisan suna gaisawa da kofuna a hannu kamar an gama biki. Fim ɗin Suchet ya juya abin gaba ɗaya. Ya buɗe da wani soja da ya harbe kansa a gaban Poirot, da wata mata da aka jefe a titin Santambul, sannan ya nuna Poirot a matsayin ɗan Katolika mai riƙo da addini wanda ya fusata da mutanen da suka ɗauki doka a hannunsu. Ya rufa musu asiri a ƙarshe, amma ya tafi cikin ƙanƙara da carbi a hannu, idonsa da hawaye. Branagh ya jera su a dogon tebur a bakin ramin da jirgi ke ratsa dutse, ya ajiye bindiga a gabansu don ya gwada su, kuma shi da kansa ya yanke shawarar yi wa 'yan sanda ƙarya.

To wanne ya fi riƙe amanar littafi? Suchet ya shafe daga 1989 zuwa 2013 yana wannan rawa cikin shiri saba'in, kuma mutane da yawa shi suke gani idan an ce Poirot. Duk da haka, a wannan labari guda, shi ne ya fi nisa da yanayin da Christie ta rufe littafinta da shi. Ba ina cewa fim ɗin ba shi da kyau ba, tambayar da ya tayar game da ramuwa da shari'a tambaya ce ta gaske. Sai dai tambayarsa ce, ba ta littafin ba. A takardata na 1974 ne kan gaba a ƙulli, da adalci, da hukunci.

Ramuka uku da ake faɗawa

Na farko, abin da kake zaton littafi ne, alhali daga wani fim ko wasan daɓe ya zo. Sherlock Holmes, mai binciken da Arthur Conan Doyle ya ƙirƙira, ya fi kowa shan wannan. Hular nan mai baki gaba da baya daga zanen Sidney Paget ta samo asali a mujallar Strand, lanƙwasasshen lofe kuma ana danganta shi da ɗan wasan daɓe William Gillette. Abokinsa Watson mai shirme da mutane da yawa suka sani na Nigel Bruce ne, a fina-finai goma sha huɗu da ya yi da Basil Rathbone daga 1939 zuwa 1946. Watson na Arthur Conan Doyle likitan soja ne mai hankali, wanda a The Hound of the Baskervilles shi ke riƙe da binciken tsawon babi da yawa da Holmes ba ya nan. Wanda ya ga Watson mai natsuwa a shirin talabijin ɗin Granada na Jeremy Brett, da aka fara a 1984, ya ce an canza shi, to da tsohon fim yake aunawa. A The Hound of the Baskervilles kuma ka sa ido kan Beryl: a littafi matar mugun labarin, Stapleton, ce da yake nunawa a matsayin ƙanwarsa, kuma gano hakan na cikin abin da ya tona shi. Fim ɗin Rathbone na 1939 ya mayar da ita 'yar gidansu, ba matarsa ba, don a samu soyayya mai ƙarewa lafiya, sai alama guda babba ta ɓace.

Na biyu, wani lokaci marubucin ne da kansa ya canza. And Then There Were None na 1939 ya ƙare ne duk mutum goman da ke tsibirin sun mutu. Da Christie ta mayar da shi wasan daɓe a 1943, ita ta bar mutum biyu da rai, fim ɗin René Clair na 1945 kuma ya bi wannan hanya. Fim ɗin Tarayyar Sobiyet na 1987 da shirin BBC na 2015 su suka koma ga mutuwar kowa. Kafin ka ce Clair ya ci amana, sai ka fayyace amanar wanne rubutu kake nufi.

Na uku, akwai dabarar da kamara ba ta iya ɗauka. A The Murder of Roger Ackroyd na 1926, mai ba da labarin, Dakta Sheppard, shi ne mai kisan, kuma bai yi ƙarya ba, tsallake wasu mintoci kawai ya yi a cikin bayaninsa. Ƙullin yana cikin muryar da ke magana da kai. Shirin ITV na 2000 ya yi ƙoƙarin kama wannan ta hanyar sa Poirot yana karanta littafin sirrin mai kisan, ya ƙara Sufeto Japp da artabu a masana'anta. Bai kai ba, amma a irin wannan wuri adalci shi ne ka tambayi kanka me kai za ka yi da kamara a hannunka.

Rubuta sakamakon

Kada ka ba fim maki ɗaya dunƙule. Yi layi huɗu ga kowanne: ƙulli, adalci ga mai kallo, hanyar mai bincike, da hukuncin ƙarshe. A gaban kowane layi ka rubuta ko an bari, ko an rage, ko an juya, tare da misali guda da mintin da ya faru da babin da ya saɓa wa. Ka ware layi na biyar dabam don ko fim ɗin ya yi maka daɗi, kada ka bari ya shiga lissafin sauran huɗun. Idan za ka ƙara littafi na biyu, Death on the Nile na 1937 zai yi maka sauƙi, domin shi ma an yi shi sau uku da za ka iya jerawa: na Peter Ustinov a 1978, na Suchet a 2004, da na Branagh a 2022. A can abin da za ka fara ja wa layi shi ne harbin da aka yi a ɗakin shaƙatawa na jirgin ruwa, da 'yan mintocin da suka biyo bayansa.